Ku Tambayi Likitan Haƙori: Allura da Man Kashe Zafi a Aikin Dasashi

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga Tawa da garuruwan kewayenta suka zo, kuma kusan duka a kan abu guda suke, wato allurar da ake yi a baki kafin a taɓa dasashi. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita su, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Wani malamin makaranta, Sabon Gari, Tawa: Assalamu alaikum. Dasashina yana jini duk lokacin da na yi asuwaki, bakina kuma yana wari. An duba ni an ce sai an kankare mini haƙora har ƙarƙashin dasashi, zama huɗu, kowane zama da allura. Maƙwabcina kuwa an wanke masa nasa ba allura. Na ji an ce akwai man da ake shafawa. Me ya sa ni sai allura?

Wa alaikumus salamu, Malam. Aikin da za a yi maka da wanda aka yi wa maƙwabcinka ba ɗaya ba ne, ko da yake duka "wankin haƙori" mutane ke ce musu. Tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan lungu. A baki mai lafiya zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Idan dauɗa ta daɗe tana taruwa har ta daskare ta zama kanta mai tauri kamar tsakuwa, dasashi sai ya kumbura ya saki haƙori, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya fara zaizayewa, lungun nan ya zama aljihu mai zurfin milimita 5 ko 6, har fiye. Kantar maƙwabcinka a sama take, kan farin haƙori wanda ba ya jin komai. Taka tana can ƙasa, manne da saiwa. Saiwa ba ta da wannan farin ɓawon mai tauri, da an ɗan kankare ta sai a iske ƙananan kafofin da ke kai zafi ga jijiyar tsakiyar haƙori. Ga kuma naman aljihun kansa, ɗanye mai kumburi. Ciwo biyu ke nan ake son kashewa, na nama da na haƙori.

Man shafawa na nama kaɗai yake iyawa, shi ma saman nama. Waɗanda aka fi sani su ne lidokayin 5% na shafawa, lidokayin 10% na fesawa, da banzokayin 20%. Ana goge wurin da auduga ya bushe, don idan akwai miyau zai wanke maganin, a shafa kaɗan, a jira minti 1 zuwa 2 cur. Ko an yi duk wannan, bai shiga nama fiye da milimita 2 zuwa 3. Babban amfaninsa shi ne rage zafin sukar allurar da za ta biyo baya.

Akwai wani da aka yi musamman domin aljihun dasashi, mai suna Oraqix, haɗin lidokayin 2.5% da firilokayin 2.5%. Cikin kwalbarsa ruwa ne. Ana tsiyaya shi cikin aljihun da wani bututu marar tsini, ɗumin jiki ya mayar da shi kauri ya zauna. Cikin daƙiƙa 30 ya kama, ya riƙe kamar minti 20. Ga mai aljihu matsakaici wanda saiwarsa ba ta tsami, yana wadatarwa. Sai dai bai kai ga jijiyar cikin haƙori, ba ko'ina ake samunsa ba, kuma zafin ƙasarmu bai yi masa daɗi: a watan Afrilu ko Mayu yana iya yin kauri tun cikin kwalba, sai an sa shi a firigo ya koma ruwa. Ba a taɓa yin allura da shi.

Allura ita ce ke kai magani kusa da jijiya. A muƙamuƙin sama ƙashi yana da ƴan ramuka kamar soso, don haka ana zuba maganin a lungun da leɓe ko kumatu ya haɗu da dasashi, daidai ƙarshen saiwa, ya ratsa ƙashi da kansa cikin minti 2 zuwa 3. Ana ƙara ɗan kaɗan ta wajen ganɗa, saboda aikin dasashi yana zagaye haƙori gaba da baya; wannan ta ganɗa ita ce ta fi zafi, don naman wurin a ɗaure yake da ƙashi, ba inda ruwa zai bazu. A muƙamuƙin ƙasa, wajen turame, ƙashin ya yi kauri, magani bai ratsa shi da sauƙi. Sai a je can bayan baki a tare babbar jijiyar kafin ta shiga ƙashi. Shi ya sa rabin leɓen ƙasa da rabin harshe ke mutuwa tare. Dalilin raba aikin kashi huɗu ke nan kuma: ba a son kashe ɓangarorin ƙasa biyu rana ɗaya, mutum ya rasa sanin inda harshensa yake, kuma kowane kashi yana cin lokaci idan za a yi shi da kyau.

Shawararmu, Malam, ka karɓi allurar. Mai jin zafi yana zabura, mai aiki kuma yana tausaya masa ya ɗage hannu, sai a bar kanta a gindin aljihu, inda ta fi ɓarna. An kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan, bayan wata uku jinin ya dawo.

Wata Hajiya mai shekara 58, Birnin Ƙonni: Ina da tansiyo, ina shan magani. Bara da aka yi mini allurar haƙori, gabana ya riƙa faɗuwa, hannuna yana rawa. Wata ta ce mini jikina ne bai son maganin. Yanzu an ce a yi mini aikin dasashi, ina tsoro.

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Abin da kika kwatanta ya fi kama da aikin adiranalin, ba ƙin magani ba. Yawancin allurar haƙori ana haɗa ta da ɗan adiranalin don ya matse jijiyoyin jini na wurin. Matsewar nan tana riƙe maganin inda aka zuba shi, ya daɗe yana aiki, ta rage saurin shigarsa jini, ta kuma rage zubar jini. A aikin dasashi wannan na ƙarshe babban abu ne, don wanda bai ganin saiwa saboda jini bai iya tsabtace ta. Idan kaɗan daga ciki ya faɗa jijiyar jini, ko aka tura shi da sauri, zuciya takan yi gudu, hannu ya yi rawa, fuska ta yi fari. Cikin ƴan mintuna yake wucewa, don jiki yana saurin narkar da adiranalin. Tsoro kansa ma yana kawo irin wannan.

Ƙin magani na gaskiya wata kama gare shi: ƙuraje masu ƙaiƙayi kamar borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido nesa da inda aka yi allurar, shaƙewar murya, numfashi mai fito. Ga dangin lidokayin abu ne da ba safai ake gani ba. Wani lokaci ma ba lidokayin ɗin ne mai laifi ba, sinadarin salfait ne da ake sawa don kada adiranalin ya lalace, kuma masu asma sun fi fuskantar wannan.

Ga abin da ya kamata a yi miki. A auna tansiyonki a wurin, bayan kin zauna kin huta minti 5. Idan ya kai 18 bisa 11, wato 180/110, a ɗage aikin har a daidaita shi. Idan yana ƙasa da haka kuma kina kan maganinki, ana iya yi miki da adiranalin, amma a taƙaita: ga mai ciwon zuciya iyakar da aka saba bi ita ce miligiram 0.04, wanda ya yi daidai da ƴan kwalaben maganin allura 2 masu haɗin adiranalin 1/100 000, ko 4 masu haɗin 1/200 000. Wannan ya ishi kashi ɗaya na baki. Akwai kuma mefibakayin 3% wanda ba adiranalin a cikinsa, sai dai bai daɗewa, minti 20 zuwa 40 ne a haƙori, kuma wurin zai fi jini. Ba kullum ya fi zama alheri ba: idan allura ta sake ki a tsakiyar aiki, adiranalin da jikinki zai zubo saboda zafi yana iya fin na kwalbar yawa.

Ki sha maganin tansiyonki da safe kamar kullum, ki karya kumallo, ki bar goro da shayi mai ƙarfi sai bayan an gama. Ki tafi da kwalayen magungunanki duka a nuna, ba sunansu da ka ba. Furofaranolol da amitiriftilin suna ƙara wa adiranalin ƙarfi a jiki. Idan kuma amlodifin ko nifedifin kike sha, a sani, don su kansu suna sa dasashin wasu ya yi tozo ya rufe haƙori.

Wani direban babbar mota, Madawa: Dasashina ya kumbura da mugunya wajen turmin ƙasa. Na sa kanumfari, na danna asfirin a wurin, bai lafa ba. Da na je aka yi mini allura har biyu amma ba ta kama ba. Ko maganin jabu ne?

Sannu, Malam direba. Ba lallai jabu ba ne. Maganin kashe zafi, kafin ya yi aiki, sai ya ratsa fatar jijiya ya shiga ciki, kuma kason maganin da bai ɗauke da cajin lantarki ne kawai ke iya ratsawa. A nama mai lafiya, wanda ma'aunin tsaminsa yake 7.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lidokayin yana cikin wannan siffar. A naman da ya yi mugunya tsami yana ƙaruwa, ma'aunin ya sauka wajen 6 ko ƙasa, sai kason mai ratsawa ya koma ɗan mitsitsi. Ƙari a kan haka, jini ya cika wurin yana kwashe maganin da sauri, jijiyoyin kuma sun kwana suna ciwo, abu kaɗan ke tayar da su.

Maganin wannan ba ƙara allura a cikin kumburin ba ne. Hasali ma ba a soka allura cikin mugunya, don tana iya tura ƙwayoyin cuta zuwa nama mai lafiya. Ana tare jijiyar ne daga nesa, can bayan baki inda naman yake lafiya, a jira minti 5 har 10, a tabbata leɓe ya yi nauyi, sannan a buɗe aljihun mugunyar ta fita. Ita kanta allurar bayan bakin takan kuskure wa ƙwararru sau ɗaya cikin biyar ko shida, don ramin da jijiyar ke shiga ƙashi ba wuri ɗaya yake ga kowa ba. Idan leɓenka bai mutu ba sam, allurar ce ba ta kai wurin ba, a sake. Idan leɓe ya mutu amma dasashin gefen kumatu yana ji, wata ƙaramar jijiya ce ta kumatu aka bari, ɗigo kaɗan ya ishe ta.

Asfirin ɗin nan ka daina. Ba ya kashe zafi ta shafawa, ƙona nama yake ya bar farin tabo mai raɗaɗi, idan an sha shi kuma yana ƙara zubar jini. Kanumfari yana ɗan kashe saman nama, amma man sa mai ƙarfi shi ma yana ƙuna. Kuma da yake kai mai doguwar hanya ne, bari mu faɗa ba don zargi ba: wanda ke shan taramol ya gaya wa likita a asirce. Mai shan sa kullum ya fi jin zafi, kuma taramol yana kusantar da mutum ga jijjiga, abin da yawan maganin allura shi ma ke kawowa. Idan kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar miyau ta yi wuya, ko zazzaɓi ya shigo, ka ajiye mota ka nufi asibiti a ranar.

Wani ɗalibin aikin lafiya da ke koyon aiki a sashen haƙori, Tawa: Malamaina, lissafin yawan magani yana rikita ni. Kwalba nawa ne iyaka? Kuma me ake yi idan abu ya ɓaci?

Madalla da wannan tambaya, ƙanenmu, don nan ne hatsarin gaske yake. Fara da wannan: kowane 1% daidai yake da miligiram 10 a mililita ɗaya. Lidokayin 2% ke nan miligiram 20 ne a mililita, ƴar kwalba mai mililita 1.8 tana ɗauke da 36. Artikayin, wani maganin allurar haƙori, 4% a kwalba mai 1.7 yana da 68. Mefibakayin 3% a kwalba mai 1.8 yana da 54. Ka ga kwalba da kwalba ba ɗaya ba ne, ta artikayin kusan ninki biyu ce ta lidokayin.

Iyakar lidokayin mai adiranalin ita ce miligiram 7 a kowane kilo, ba a wuce 500 ba. Da yawa daga masu koyar da aikin haƙori suna bin ma'auni mafi tsauri, 4.4 a kilo, ba a wuce 300 ba, kuma shi muka fi so ka riƙe. Mutum mai kilo 60: 264, wato kwalba 7. Tsohuwa mai kilo 45: 198, kwalba 5 da rabi. Yaro mai kilo 20: 88, bai kai kwalba 2 da rabi ba. Artikayin a kan 7 a kilo, ga mai kilo 60, kwalba 6 ne. Ka auna nauyi da sikeli, kada ka kintata ta cikin babbar riga ko hijabi. Mai ciwon hanta, da tsoho, da wanda ya rame, a rage musu. Idan an haɗa iri biyu a zama ɗaya, gubarsu taruwa take. Na fesawa ma yana cikin lissafi, kuma shi ake mantawa: feshi ɗaya na lidokayin 10% miligiram 10 ne, feshi goma ya kusa kwalba 3, ga shi dasashi mai rauni yana tsotse shi da sauri. Gara a fesa kan auduga a dangwala. Oraqix iyakarsa kwalba 5 a zama ɗaya.

Allurar bayan baki a hannun malami ake koyonta, ba a takarda ba, amma ga abin da za ka lura da shi yana yi. Doguwar allura yake ɗauka. Baki a buɗe sosai, babban yatsa a kwarin gaban ƙashin muƙamuƙi, sirinji ya taho daga kan ƙananan turamen ɗaya gefen, a soka kamar santimita 1 sama da kan turamen ƙasa. A zurfin milimita 20 zuwa 25 ake taɓa ƙashi. Sai a ja baya milimita 1, a zuƙo. Idan jini ya shigo kwalba, a gyara wuri a sake zuƙowa. A wannan allurar jini yakan fito sau ɗaya cikin goma ko ɗan fiye, don haka zuƙowa ba zaɓi ba ne. Sannan a tura mililita 1.5 a hankali, kada ya gaza minti ɗaya. Wanda bai taɓa ƙashi ba kada ya tura. Kuma ba a nutsar da allura har gindinta, don a nan take karyewa.

Abin da ya fi faruwa a kujera suma ce ta tsoro: gumi, hamma, jiri. A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta wuyan riga. Mai tsohon ciki a karkata ta hagu. Yawan magani a jini yana farawa da ƙarar kunne, ɗanɗanon ƙarfe, mutuwar kewayen baki duka, surutu ko ruɗewa, tsuke-tsuken nama, sannan jijjiga. A tsayar da aiki, a ba da iskar oksijin, a kare hanyar numfashi, idan jijjiga ta ƙi tsayawa a ba da diyazefam ko midazolam, a kira taimako. Ƙin magani mai tsanani maganinsa adiranalin 1/1000 ne, rabin mililita a naman cinya ga babba, ba jira. Wannan adiranalin na gaggawa kuma kada wani ya ce zai haɗa shi da lidokayin da hannunsa don yin allurar baki, kuskuren ɗigo ɗaya ya isa.

Banzokayin da firilokayin suna da wata illa tasu: suna iya sauya jan sinadarin jini ya kasa ɗaukar iska. A baƙar fata ba a fuska za ka gani ba, ka duba harshe, cikin leɓe da farce, za su yi toka-toka ko shuɗi, na'urar auna iskar jini da ake sawa a yatsa ta maƙale wajen 85% ko an ba da oksijin. Masu ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, a kauce musu da waɗannan biyun, domin maganin da ake warware matsalar da shi, shuɗin metilen, su yana fasa musu ƙwayoyin jini. Jariri ɗan ƙasa da shekara 2 ba a shafa masa banzokayin don fitar haƙori.

Ajiya kuma: ƙasa da digiri 25, cikin duhu, ba daskarewa. Zafi da haske suna kashe adiranalin tun kafin ranar ƙarewar magani, kwali kuwa idan ya yini a bayan mota tsakanin Yamai da Tawa a bazara ya sha wuya. Kwalbar da ruwanta ya sauya launi, ko ta yi babban kumfa, ko toshiyarta ta turo waje, a yar. Ba a jiƙa kwalabe cikin alkol, yana ratsawa ciki ya ƙona jijiya. Kwalba ɗaya da allura ɗaya na mutum ɗaya ne, ragowar ba ta wani ba ce.

Wata mai juna biyu, wata biyar, Illela: Dasashina ya kumbura tun da na samu ciki. Surukata ta ce allura za ta taɓa yaron.

Ƴar'uwa, Allah ya raba lafiya. Kumburin dasashi a lokacin ciki sananne ne, sauyin sinadaran jiki ke sa dasashi ya yi saurin fushi da dauɗar da a da yake haƙuri da ita. Lidokayin mai adiranalin, a ma'aunin da ake aikin haƙori da shi, ana yi wa masu ciki, kuma watannin da kike ciki, na huɗu zuwa na shida, su suka fi dacewa. A kauce wa firilokayin da banzokayin. Zaman ya zama gajere, kada a kwantar da ke rigingine sosai, a sa matashi ƙarƙashin ƙugunki na dama don nauyin ciki ya sauka daga kan babbar jijiyar jini. Don zafi bayan aiki farasitamol kawai, ban da ibuforofen sai da izinin likita. Bayan haihuwa ma allurar ba ta hana shayarwa. Ki tafi da katin awonki, kuma idan Inna ta yarda ta raka ki, ta ji bayanin da kunnenta, hankalinta zai fi kwanciya.

Wani dattijo mai ciwon suga, Keita: Ina yawan azumin Litinin da Alhamis. Allurar dasashi tana karya azumi?

Baba, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sa wanke haƙori da cire shi da allurar da ba ta abinci ba cikin abubuwan da ba su karya azumi, muddin mutum bai haɗiye abin da ya kai maƙogwaro ba. Sauran bayani malaminka ya fi mu sani. Ta ɓangarenmu, aikin dasashi yana da ruwa da jini da yawa, man shafawa kuma yana da ɗanɗano yana bin miyau, kiyaye haɗiya akwai wuya. Abin da ya fi damunmu shi ne sugarka. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin, idan ya zauna kujera da yunwa, suga na iya faɗuwa ƙasa da giram 0.7 a lita, kuma alamominsa, gumi da rawar jiki da ruɗewa, suna kama da na matsalar allura, sai a rikice. Ka karɓi randebu ranar da ba ka azumi, da safe, ka ci abinci ka sha maganinka, ka riƙo dabino a aljihu. Aikin kuwa kada ka ɗage shi: ciwon suga yana tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da daidaita suga.

Wata ƴar kasuwa, Bouza: Mako uku da yi mini allura a ƙasa ta dama, har yanzu gefen harshena a mace yake, ban jin ɗanɗano sosai. A ranar kuma na ƙone leɓe da shayi ban sani ba. Zai warke?

Sannu, Hajiya. A ƙa'ida haƙori yana farfaɗowa bayan kamar awa ɗaya, leɓe da harshe kuma bayan awa 3 zuwa 5. Cikin waɗannan awoyin ne ake ƙonewa da shayi ko kunu, ko a tauna leɓe, musamman yara. Ya kamata a ce wa kowa kada ya ci kada ya sha mai zafi sai wurin ya dawo. Ƙunar leɓen takan warke da kanta cikin kwana 10 zuwa 14.

Harshen wani abu ne daban. Jijiyar harshe tana kwance a kan hanyar allurar bayan baki, ƴan milimita ƙarƙashin nama. Wani lokaci bakin allura yana shafarta, mutum ya ji kamar wutar kuran ta ja shi, ko ɗan jini ya taru cikin rigarta ya matse ta. Ba safai yake faruwa ba, kuma yana iya faruwa ko an yi komai daidai. Mafi yawan masu wannan suna warkewa cikin mako 8. Idan kin fara jin tsikari ko kamar tafiyar kiyashi a wurin, alama ce mai kyau, jijiyar ce ke farkawa.

Kada ki zauna jira a gida. Ki koma a gwada wurin da auduga da ɗan tsinke, a zana iyakar inda ya mutu a rubuta a katinki, don a kwatanta duk bayan mako biyu ko wata. Kada a sake yi miki allurar bayan baki a wannan gefen sai ya warke. Sauran kashin bakin ana iya ci gaba da su. Ki riƙa tauna ta hagu, ki gwada zafin abinci da leɓen sama, ki duba gefen harshen a madubi kowane dare ko kin cije shi. Kada a yi miki tsaga ko a ɗora wani abu mai zafi wai don a tayar da shi.

Masu karatu biyu sun aiko da makamancin wannan, bari mu haɗa su nan. Wanda bakinsa ya ƙi buɗuwa washegari: naman tauna ne allura ta ratsa, ya riƙa gasa gefen fuska da tsumma mai ɗumi minti 20 sau da yawa a yini, yana motsa muƙamuƙi a hankali, idan kwana uku ba sauƙi ko zazzaɓi ya zo, ya koma. Wadda rabin fuskarta ya saki idonta ya ƙi rufuwa a kujera, har ƴan rakiya suka ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce: allurar ce ta wuce baya ta zuba magani kusa da jijiyar motsin fuska, kuma yana sakinta cikin ƴan awoyi, abin kula kawai shi ne a rufe idon da bandeji don kada ƙura da iska su busar da shi. Amma idan hannu ko ƙafa sun yi nauyi tare da fuskar, wannan ba aikin allura ba ne, asibiti za a nufa nan take.

Ke kuma Hajiya, idan wata biyu suka cika iyakar da aka zana ba ta ragu ba, ko mutuwar ta juye ta zama raɗaɗi mai ƙuna, ki nemi takardar turawa zuwa ga likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a Yamai, kada a bari ya wuce wata uku ba a gan ki ba.